Sifika Bakwai a Ɗakin Autarmu

Shekarar da za mu aurar da autarmu, abu ɗaya tak ta roƙe ni. Ba ta ce ga irin gadon da take so ba, ba ta zaɓi launin labule ba, ko tukwanen da aka sayo ba ta leƙa ba. Ta same ni ina wanke-wanke a gidan Inna a Gumel, ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Yaya, in kun je jere, ki bar mini wajen taga. Nan zan sa kekena."

Keken ɗinkin na Inna ne tun asali, irin baƙin nan na ƙafa, ya girme mu duka. Da idon Inna ya fara rauni sai auta ta gaje shi. Kuma ta iya ɗinki, ba don tana ƙanwata nake faɗa ba. In ta yanka wuyan riga zama yake daram, babu inda zai tattare. Wanda za ta aura mutumin Ɗanzomo ne, manomin riɗi, da rani kuma yana haya da babur tsakanin garinsu da Sule Tankarkar. Tun kafin a sa rana 'yan'uwansa mata suka gaya mata unguwarsu babu mace mai ɗinki. Duk mai atamfa sai ta ba namiji ya kai wa telan kasuwa, ya yi masa kwatancen jikinta da hannu, a dawo mata da abin da Allah ya nufa. An sa bikin a watan Sha'aban. Lissafin auta shi ne ta tare, ta zauna a kan kekenta kafin azumi, ɗinkin sallar unguwar ya faɗo hannunta. Wanda ya yi wa mutane ɗinkin salla suka ji daɗi, ya kama su ke nan har shekara ta zagayo.

Na ce ta kwantar da hankalinta, taga tata ce. Lokacin da nake wannan cika baki na manta da Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ta ɗauki kanta ta ajiye a mazauninsa, ba tare da kowa ya shimfiɗa mata tabarma ba. Mace ce mai kyauta, wannan ba zan hana ta ba, sai dai kyautarta tana son 'yan kallo. Tana da faccala, matar wan mijinta, wadda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa da fara'a kowacce na ƙirga awarwaron 'yar'uwarta. A shekarar da ta gabata faccalar ta kai 'yarta Gagarawa da hom tiyata, rediyon nan mai sifiku da yawa da ake haɗawa da talabijin, uwa ɗaya ƙatuwa da 'ya'ya biyar. Gwaggo ta je jeren, ta dawo ko tuwo ba ta iya ci ba. Don haka ranar da dangi suka zauna rabon wa zai kawo me, kafin kowa ya buɗe baki ta ce hom tiyata gudummawarta ce. Gudummawa kuwa ba a mayar da ita, ba a kuma gaya wa mai ita yadda za ta kasance.

Ni aka tura Ɗanzomo awon ɗaki, saboda leda da labule. Ango ya ce ciki da falo ne, bai kuma yi ƙarya ba, tunda akwai bango a tsakani. Amma falon nan in mutum biyu suka shimfiɗa darduma, na uku sai ya jira su idar. Taga ɗaya gare shi, mai haske sosai, daidai wurin zaman mai ɗinki. Da igiyar shanya na auna, na yi ƙulli ɗaya na tsawo, ɗaya na faɗi, na naɗe na jefa a jaka.

Gwaggo ta ce ba za ta saya a Gumel ba, don na Gumel kowa ya san shi. Sai muka tafi Maigatari ranar kasuwa, muka kutsa ta cikin shanu da raƙuma da motocin kaya har muka isa wani shago da ake jin kiɗansa tun daga bakin titi. Mai shagon matashi ne mai baki kamar an shafa masa zuma. Ya ba Gwaggo kujera, ya rage ƙarar kiɗan, ya ce, "Hajiya, da farko dai, ɗakin yaya girmansa yake?"

Wannan ita ce tambayar hankali ta farko da ya yi, kuma ita ce ta ƙarshe.

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗakin za ka aura, ko kaya za ka sayar?"

Ni kuwa na samu abin da nake nema. Na zaro igiyata na shimfiɗa a ƙasan shagon, na nuna masa ƙulli biyun. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Malama, wannan ai biyu sun isa. Ɗaya dama da talabijin, ɗaya hagu. In ana son ƙasa ta ɗan girgiza sai a ƙara uwar. Masu yawan nan na babban falo ne, inda za a zagaye mutum da su."

"Biyu," in ji Gwaggo, a hankali, kamar an gaya mata rasuwa. "Don ka ji an ce marainiya ce?"

Babu wanda ya ce masa marainiya ce. Amma yaron ɗan kasuwa ne, nan take ya gane inda aka dosa. Ya sa ƙafa ya ture igiyata gefe ya ce, "Haba Hajiya, ai ban san 'yar gidanku ba ce. Akwai mai biyar."

"Mai biyar an kai Gagarawa tun bara."

"To akwai mai bakwai. Daga Kwatano ta zo, ko a Kano sai an tona."

Ya zaunar da Gwaggo a tsakiyar shagon, ya shiga jido su yana jerawa. Huɗu dogaye ne, kowacce ta kai mini ƙirji. Biyu gajeru, ɗaya kuma a kwance kamar muciya, ya ce ita ce ta magana, a ƙarƙashin talabijin take zama. Uwar tasu ta kai turmi. Ya sa biyu a gabanta, biyu a gefe da gefe, biyu a bayanta, sannan ya kunna wani fim. Can sai ga ƙarar mota ta taso ta bayan Gwaggo, ta bi ta kunnenta na dama, ta wuce gaba. Gwaggo ta yi salati ta duƙe, mayafinta ya zame. Da ta ɗago ta ga babu mota, ta gyara ɗaurinta ta ce, "Su nake so."

Na ce, "Malam, waɗannan na bayan, a ɗakin namu ina za su zauna? Kujera a jikin bango take, bayan bangon kuma turken awakin surukar amarya ne."

Ya ce, "Sai a jawo kujerar tsakiya."

"In an jawo ta tsakiya ƙofa ba za ta buɗe ba."

"Ai amarya ce, Malama, ba yawan fita za ta yi ba."

Na ce unguwar tasu wuta sai ta ga dama take zuwa. Ya ce Allah na kawowa. Gwaggo ta ce amin, ta harare ni, wai ina yi wa yarinya baƙin baki tun ba ta tare ba. Haka muka dawo Gumel da kwalaye cike da bayan mota, igiyata ma a shagon na baro ta don takaici.

Ranar jere na riga kowa. Na bi a-kori-kurar farko, na sa aka sauke keken kafin gado, na kai shi gindin taga, na zauna a kan ɗan bencinsa kamar mai gadi. Amarya ba ta zuwa jerenta, tana gida cikin lalle, uwa ma ba ta zuwa. Saboda haka a ɗakin nan babu mai bakin auta sai ni. Mata suka shimfiɗa leda, aka kafa gado da sif a ciki, aka shigo da kujeru. Saitin bai shiga duka ba, sai da aka cusa ƙaramar ɗaya a uwar ɗaki. Aka kafa shogilas aka cika shi da faranti da kofuna da kuloli waɗanda har abada ba za a ci abinci a cikinsu ba. Aka ɗora talabijin. Ɗaki ya cika maƙil, sai 'yar hanyar da mutum zai bi a kaikaice. A lokacin ne Gwaggo ta iso da kwalayenta.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna ni da baki ta ce, "Wannan baƙin ƙarfen fa?"

Na ce, "Keken auta ne, Gwaggo."

"Na san keke ne, ban makance ba. Me yake yi a ɗakin amarya? So kike dangin miji su ce mun kawo ta ƙwadago? Ko a ce mijin ba zai iya ciyar da ita ba?"

Na ce ita ta roƙa, kuma dangin mijin ne ma suke jiran ɗinkinta. Na ce a sa biyu a gefen talabijin yadda mai shago ya faɗa da farko, sauran a ajiye a kwali har Allah ya ba su babban ɗaki. Gwaggo ta ce a kwali ta gan su a Maigatari, da kwali take son kallo ai da ta bar su can. Na ce to ko a bi yadda ya jera su, a tura biyu bayan kujera, biyu gefe. Ta ce, "A ɓoye su a bayan kujera? Abin da na je har bakin iyaka na ɗauko? Wa zai gani?"

A nan raina ya ɓaci, na ce, "Gwaggo, sifika dai ba ta ɗinka riga."

Gwaggo ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Zama ta yi a hannun kujera, ta ja bakin mayafi ta rufe ido, ta ce da yayanta na raye da babu 'yar da za ta tsaya a gaban mutane ta gaya mata haka. Ta ce ita ce ba ta da zuciya, da ta ɗauki 'ya'yan wani kamar nata. Nan da nan matan suka juyo kaina, har waɗanda suke gulmarta a mota da safe. Ƙanwar Inna ta ja ni waje ta ce, "Ke, rufa mana asiri. Bari a gama ganin ɗaki, kwana nawa ne? Sai a kawo mata kekenta ba wanda ya ji."

Ina tsaye a tsakar gida aka fito da keken aka mayar da shi bayan a-kori-kura. Da na koma ciki na tarar an gama aikin. Bakwai ɗin nan an jera su sahu ɗaya suna kallon ƙofa, dogaye biyu a gefen talabijin, dogaye biyu sun tare taga, ƙananan a kan shogilas, uwar a tsakiya. Kowacce an ɗora mata ɗan ƙyalle mai saƙa da furen roba. Ba a ɓare ledarsu ba, don kada wani ya yi zaton aro aka yi. Wayoyin kuma wata daga cikin iyayenmu ta ce suna ɓata kwalliya, aka naɗe su aka tura ƙarƙashin gado. Kwalayen aka ɗora a saman sif, aka juyo gefen da ke da hoto waje.

Da yamma na gaya wa auta. Tana zaune hannu da ƙafa cikin lalle, ƙawayenta kewaye da ita. Ta ce, "Ba komai, Yaya." Wannan ba komai ɗin ya fi kukan Gwaggo ƙona mini rai.

Bayan tarewa abokan ango suka ce sai sun ji abin da ake ta labari. Suka aro janareta, suka zaƙulo wayoyin, suka yini suna soka wannan a nan, suna zare wancan a can. Da aka kunna, uwar ta yi wani gurnani har kwanon rufi ya ɗauka, kofunan shogilas suka shiga rawa, surukar auta ta aiko a tambaya ko lafiya. Sai dai a cikin 'ya'yan biyu ne kawai ke magana. Sauran biyar shiru, sai ɗan huci. Ango ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne. Daga baya wani abokinsa mai gyaran waya ya ce irin finafinai da waƙoƙin da ake tura wa mutane a waya dama ta baki biyu suke fita, ko sifika ɗari ka jera. Aka mayar da janareta, aka mayar da wayoyi ƙarƙashin gado. Da labari ya kai wa Gwaggo ko a jikinta, ta ce ita dama ba don surutu ta saya ba.

Ganin ɗaki kuma ya ƙi ƙarewa. Dangi sun zo, maƙwabta sun zo, matan unguwa sun shigo sun ƙirga sun yi salati sun fita. Duk wannan bai ishi Gwaggo ba, don wadda aka yi abin dominta ba ta zo ba. Faccalar ta halarci ɗaurin aure da walima a Gumel, amma Ɗanzomo ta ce ƙafarta na ciwo. Ta riga ta ji bakwai ne, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta hau mota ta kai kanta inda za a ƙunsa mata takaici ba. Gwaggo ta ce ko allura ba za a matsar ba sai ta zo. Faccala ta ce in sha Allahu sati mai zuwa. Ana cikin haka aka ga wata.

Matan unguwa sun cika alkawari. Tun farkon azumi suka fara aiko wa auta da atamfofi da yadin yara, ta karɓa ta jibge a kan gado tana cewa keke na hanya. Na buga wa angon waya na ce ya zo da mota mu ɗora masa. Ya ce, "Yaya, ni ba zan iya taɓa jeren da iyaye suka yi ba. Da wane ido zan dubi Gwaggo?" Na ce to a sa keken a tsakar gida. Surukar ta ce gidan gandu ne, ƙannen miji na shige da fice, amaryar da ko wata biyu ba ta yi ba ba za ta baje a waje ba. Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ce gaskiya ne.

Sau ɗaya auta ta yi ƙarfin hali. Ta kinkimi dogayen nan biyu na taga ta kwantar da su a saman sif, ta aiko a ce mini wuri ya samu. Kafin in nemo mota, Gwaggo ta yi mata dirar ba-zata, wai ta kawo wa amarya kayan buɗa-baki. Ta ga inda aka kai sifikunta. Gumel ta dawo ta zauna a gaban Inna ta yi kukan da ta yi ranar jere, har da ƙari. Inna mace ce da ba ta son abin da zai taɓa dangin mijinta, balle yanzu da ba ya raye. Ta kira auta a waya ta ce ta mayar da su inda aka sa su, ta yi haƙuri, albarkar iyaye ta fi ɗinki. Auta ta mayar.

Da azumi ya raba tsakiya masu kaya suka fara aiko a karɓa. Ba su yi faɗa ba, haƙuri ma suke ba ta, salla ce ba ta jira. Auta ta riƙa naɗe wa kowacce nata tana miƙawa. Ni kuwa duk lokacin da na shiga gidan Inna sai in ga keken a lungu an rufe shi da tsohon zane, an ɗora masa kwandon albasa. Na daina kallon wajen.

Sai bayan salla ƙafar faccala ta warke. Gwaggo ta aiko in raka su, na kuma je, don ina son in ga ƙarshen abin da idona. Gwaggo ta sha ado kamar ita ce amaryar. Muka shiga a kaikaice ɗaya bayan ɗaya, faccala ta zauna, ta sha lemo, ta bi jeren da kallo daga wannan bango zuwa wancan. Gwaggo na gefe tana jira, har ta ɗan karkato.

Faccala ta ce, "Masha Allah, ɗaki ya yi kyau. Ashe har yanzu ana samun irin waɗannan? Wajen su 'yata ai an daina yayinsu. Yanzu wata 'yar siririya ake sawa guda ɗaya a ƙarƙashin talabijin, ba ta cin wuri."

Ban san fuskar mutum na iya sauka haka ba sai ranar. Ban ji tausayin Gwaggo ba, ko kaɗan. Suka tashi suka tafi gaida surukar auta, kowacce na ce wa 'yar'uwarta ta yi gaba.

Suna fita na kama hannun auta na ce, "Shi ke nan, an gama. Gobe da safe zan kawo miki keken, ko da a kaina ne."

Ta ce, "Bar shi tukuna, Yaya."

"In bar shi kamar yaya?"

"Matar gidan da ke kallonmu ta sa mijinta ya sayo mata nata tun cikin azumi. Da ta ga kaya na ta fita daga nan. Duk wajenta suka koma." Ta ɗan yi murmushi. "Ba ta iya sosai ba, amma tana da kirki."

Sai a lokacin na dubi kayan sallar da ke jikinta da kyau. Atamfa ce mai tsada cikin na lefenta. Wuyan rigar ya karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, hannun kuma ya tattare a hammata.

Na ce, "Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

Ta ce, "Ita."

Ta sa yatsa ta jawo wuyan ya daidaita, tana saki ya koma yadda yake.